Cinikin Kifin Dutse: Yadda Ake Bambance Na Gaskiya Da Jabu Kafin A Biya Kuɗi

Cinikin burbushin halittun zamanin da, wato ƙasusuwan dabbobi da suka daɗe a binne har suka rikiɗe suka zama dutse, ya zama babbar harka a kasuwannin duniya. A shekarar 1997 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da ƙwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabbar zamanin da a kan dalar Amurka fiye da miliyan 8, a shekarar 2024 kuma ya sayar da wata a kan fiye da miliyan 44. Amma ƙaramin ɗan kasuwa da ke halartar bikin baje kolin duwatsu na birnin Tucson a Amurka, ko na Munich a Jamus, abin da ya fi cin karo da shi shi ne kifin dutse, wanda ake saye domin ƙawata ofisoshi da otal-otal, da kuma koyarwa a makarantu.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne, ba kasafai ake ƙirƙirar kifin gaba ɗaya ba, domin ƙananan ire-irensa suna da yawa kuma suna da araha. Algus ɗin ya fi shiga ta hanyar gyara. Akan sami kifi na gaskiya wanda rabinsa ya lalace, sai a cike shi da fenti da gam da filasta, a sayar da shi a farashin cikakke. Saboda haka tambayar da ke yanke farashi ita ce, kashi nawa na kifin asali ne, kashi nawa kuma aikin hannu ne.

Inda hajar ke fitowa

Kowane wuri yana da irin dutsensa da irin kifinsa, sanin wannan kuwa shi ne matakin farko. Daga jihar Wyoming ta Amurka ake haƙo kifin da ake kira Knightia, mai shekaru kimanin miliyan 50, a kan falalen dutsen farar ƙasa mai shimfiɗa-shimfiɗa. Ƙauyukan Hakel da Hjoula na ƙasar Labanon suna fitar da kifi mai shekaru kimanin miliyan 95. Na yankin Araripe a arewa maso gabashin Brazil, kamar Rhacolepis da Vinctifer, yawanci a cikin dunƙulen dutse suke, wanda akan fasa shi gida biyu. Lardin Liaoning na ƙasar Sin ya yi suna da Lycoptera, yayin da ma'adinan fosfat na Khouribga a Maroko ke fitar da haƙoran kifin shak masu ɗimbin yawa. Idan dillali ya ambaci sunan kifin wata ƙasa alhali dutsen na wata ƙasar ne, to ciniki ya ƙare tun daga nan.

Gwaje-gwajen da ba su buƙatar kuɗi mai yawa

Na farko shi ne dubawa da gilashin ƙara girman abu, irin na masu cinikin zinariya, mai ninka girma sau 10. Ƙayar kifi ta gaskiya tana da tudu, komai ƙanƙantarsa, ƙashin baya kuma gaɓa-gaɓa yake. A yawancin ire-iren kifi, zaruruwan fiffike da na wutsiya suna rarrabuwa yayin da suka doshi ƙarshe. Fenti kuwa a shafe yake, ba tudu, kuma akan ga sawun burushi. Wutsiya da fiffike su ne aka fi zanawa, domin su ne suka fi saurin lalacewa.

Na biyu, a juya dutsen a dubi bayansa da gefensa. Shimfiɗun dutsen ya kamata su zarce ba yankewa. Tsagar da ta bayyana a baya amma ta ɓace a fuska alama ce ta cewa an liƙe an shafe. Idan launin dutsen da ke kewaye da kifin ya saɓa da na sauran falalen, mai yiwuwa an yanko kifin daga wani wuri aka dasa shi. A dunƙulen Brazil, dole ɓangarorin biyu su dace da juna daidai. An sha haɗa kan wani kifi da wutsiyar wani domin a ƙara masa tsawo, sai a lura ko girman ɓawon jikin ya sauya kwatsam a tsakiya.

Na uku, a haska shi a cikin duhu da fitilar nan da bankuna ke duba jabun takardun kuɗi da ita. Gam da roba da fenti sukan nuna haske dabam da na ƙashi, sai wuraren da aka yi wa ciko su fito fili. Haka nan, da izinin mai kaya, ana iya ɗiga ruwan goge jan farce a auduga a shafa a gefe, domin yakan ɗebe fenti amma ba ya taɓa ƙashi.

Wanda aka zuba da roba a mazubi yakan fi dutse rashin nauyi, ba shi da sanyin dutse a hannu, kuma akan ga 'yan ramukan kumfar iska a jikinsa. Allura mai zafi tana nutsewa a cikinsa da warin roba. Idan aka ga kifi biyu a shago ɗaya masu kama da juna har a lanƙwasar wutsiya da wurin tsagewa, to daga mazubi ɗaya suka fito.

Ga haja mai tsada, hoton ƙashi irin na asibiti ya fi kowane gwaji. Abin da ya faru a shekarar 1999 ya isa darasi. An sayi wani burbushi daga Sin a kan dala 80,000, mujallar National Geographic ta gabatar da shi da sunan Archaeoraptor, a matsayin halittar da ke tsakanin tsuntsaye da dabbobin dinaso. Hoton na'ura da binciken masana suka tabbatar cewa gutattsarin dabbobi dabam-dabam ne aka liƙa, mujallar ta janye maganarta a shekarar 2000.

Ingancin kaya ba shi ne halaccinsa ba

Kifi yana iya zama na gaskiya amma cinikinsa ya saɓa wa doka. Tun shekarar 1942 dokar Brazil ta mai da burbushin halittu mallakar ƙasa, Sin kuma ta fara aiki da dokar da ta tsaurara fitar da su a shekarar 2011. A Amurka an halatta sayar da wanda aka haƙo a filin mutum na kansa, amma dokar shekarar 2009 ta hana sayar da wanda aka ɗebo daga filayen gwamnatin tarayya. A shekarar 2012 an yi gwanjon wani ƙwarangwal a birnin New York a kan fiye da dala miliyan 1, hukuma ta ƙwace shi aka mayar wa ƙasar Mongoliya a shekarar 2013, dillalin kuma ya sha ɗauri. Jamus ma ta mayar wa Brazil wani burbushi a shekarar 2023.

Don haka wajibi ne mai saye ya nemi rasiti mai ɗauke da sunan kifin, da wurin da aka haƙo shi, da bayanin duk gyaran da aka yi masa, da takardar izinin fitarwa, da alkawarin mayar da kuɗi idan bincike ya saɓa. Takardar shaidar inganci da mai kaya ya buga da kansa ba ta fi maganar bakinsa nauyi ba.

Gyara a kan kansa ba laifi ba ne, domin gidajen adana kayan tarihi ma suna liƙe abin da ya karye. Laifin yana ga ɓoye shi. Dillalin kirki yakan nuna wurin cikon da yatsansa, ya kuma rage farashi gwargwado. Wanda ya hana a duba hajarsa da gilashi ko fitila kuwa, ya riga ya ba mai saye amsa.