Yadda Ake Auna Cibiyoyin Kula da Masu Jinyar Ajali a Amurka

Tun 1983 shirin Medicare na Amurka ke biyan kuɗin kula da majinyacin da likitoci suka kiyasta saura masa wata 6 ko ƙasa da haka. Cibiyoyin da ke wannan aiki sun yi yawa, kuma akasarinsu na neman riba ne, gwamnati kuwa tana jera su a shafin Care Compare, da taurari daga 1 zuwa 5. A ganina, ma'aunin da ya fi gaskiya a shafin shi ne yawan majinyatan da nas ko jami'in walwala ya ziyarta aƙalla kwana 2 cikin kwana 3 na ƙarshen rayuwarsu. A nan ƙarancin ma'aikata ke tonuwa, domin a lokacin ne numfashi ke sarƙewa, iyali kuma su rasa ta cewa.

Wani zai ce taurarin ma ai ra'ayin iyalai ne, su kuwa suka gani da ido. Haka ne, amma cibiyar da ba ta tara amsoshi 75 daga iyalai ba ba ta samun tauraro ko ɗaya, alhali kwanakin ziyara ana lissafa su ne daga takardun neman biyan kuɗi.