Kafin mota ta tashi: yawon awa biyu a ƙasa cikin tsohon garin Agadas

Da wuya a samu ƙauye a Buza, Keita ko Madawa da ba shi da ɗa wanda ya taɓa kwana Agadas. Wani kan hanyar Libiya ko Aljeriya, wani za shi Arlit, wani wajen haƙar zinariya a Jado. Amma in ɗan biɗa ya dawo ka tambaye shi me ya gani a garin, abin da zai lissafa maka bai wuce tasha, gidan da aka sauke shi, da teburin mai shayi ba. Hasumiyar masallaci kuwa daga nesa ya hango ta. Ya yi kwana uku ko huɗu yana jiran mota, bai taɓa taka tsohon gari ba, alhali yawon duka bai fi awa biyu a ƙasa ba.

Mu dai muna ganin wannan hasara ce, kuma ta fi shafar mutanen Adar bisa kowa, domin wani babban sashe na tarihin sarautunmu daga cikin waɗannan lungunan ya fito. Shi ya sa yau za mu bi da ku hanyar da masu jagora, waɗanda ake ce ma gid, suka saba bi da baƙi, mu faɗa maku abin da ke kowane wuri da abin da ya haɗa shi da mu.

A fara da sassafe, bayan an karya kumallo, kafin rana ta yi ƙarfi. Mahaɗa ita ce filin da ke gaban babban masallacin Juma'a, wanda mutanen gari ke kira Emiskini. Ba a ɓata, ko'ina kake cikin gari in ka ɗaga kai za ka ga hasumiyar. A nan za ka samu jagora. Ku yi ciniki tun kafin ku ɗaga ƙafa, ka faɗa mashi lokacin da kake da shi. Yawancinsu sun koyi aikin ne zamanin da Turawa masu yawon buɗe ido ke cika garin. Tawayen 2007 da sace-sacen baƙi da suka biyo baya sun kashe wannan kasuwa, don haka ɗan ƙasa da ya zo da tambaya ana karɓarsa hannu biyu. Kuma da Hausa za a yi maka bayani, ita ce harshen kasuwa da na titi a Agadas.

Hasumiyar tsawonta mita 27, ƙasa ce zalla, ba ƙarfe ba siminti. Hukumar UNESCO, wadda ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihin duniya a 2013, ta ce babu hasumiyar ƙasa da ta kai ta tsawo a duniya. An fara gina ta wajen 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya iso garin, kuma tarihin baka yana danganta aikin ga wani malami mai suna Zakariya. Wadda ake gani yau an sake ɗaga ta a 1844. Duk magini daga cikinku da ya tsaya gindinta zai gane dabarar nan take: gindi mai faɗi, tana hawa tana tsukewa, don nauyi ya zauna ƙasa. Itatuwan nan da suka fito daga jikinta kamar ƙayar bushiya ba ado ba ne kawai. Suna ɗaure ginin, kuma su ne matakan da masu yaɓe ke takawa idan lokacin gyara ya yi, ba sai an kafa wani tsani ba. Ana iya hawa ta ciki da iznin mai gadin masallaci. Matakalar tana matsewa yayin da ake yin sama, mai ƙiba da mai ciwon gwiwa su yi haƙuri su jira ƙasa. Wanda ya kai ƙoli zai ga garin baki ɗaya ja-ja-ja launin ƙasa, ga duwatsun Abzin can arewa.

Daga sama ne ake gane abin da ya sa lungunan suka karkace haka. Tsohon garin unguwanni 11 ne, kuma ba wani mai awo da ya shata su da igiya. A ƙarni na 15, lokacin da sarautar Abzin ta zauna a nan, ƙabilun Abzinawa sun sauka kowace da zangonta, sai aka yi ta maye bukkoki da gine-ginen ƙasa a inda suke. Iyakar zango ta zama titi. Sunayen unguwannin ma labari ne: Katanga, Amdit, Obitara, Hugubere. Wasu Hausa, wasu Tamajak, wasu kuma harshen Songhai, wanda a da shi ake yi a garin kafin Hausa ta rinjaya. Mutanen Ingal har yau suna da wani harshe ɗan'uwansa.

Taku kaɗan daga masallaci sai fadar Sarkin Abzin, kuma a nan muke so ku ɗan tsaya, ko da jagora yana gaggawa. Gini ne mai benaye, mai kaurin bango da ƙananan tagogi, dogarai da jajayen kaya suna bakin ƙofa. Sarki na yanzu, Umaru Ibrahim Umaru, yana zaune ciki, don haka ba gidan kallo ba ne. A yi sallama, a gaida dogarai, a tsaya inda suka ce a tsaya, kar a ɗaga salula a hau ɗaukar hoto ba a tambaya ba.

To ga abin da ya haɗa wannan ƙofa da mu. A ƙarni na 17 ƙasar Adar tana ƙarƙashin ikon Kabi. Sarkin Abzin Muhammadu al-Mubarak ya tura ɗansa Agabba da rundunar yaƙi, wajen 1674 ya ci Kabawa, Adar ta koma hannun Agadas. Bayan rasuwar uban, Agabba ya hau gadon sarauta a wannan fada ya daɗe, har wajen 1721 da ɗan'uwansa ya tuɓe shi. Sai ya juyo kudu ya zauna ƙasar da ya ci da yaƙi, kuma daga zuriyarsa ne sarautar Sarkin Adar ta Ilela ta fito. Lisawan, waɗanda gidan sarautar Keita ke hannunsu, da tafiyar Agabba tarihinsu a Adar ya ɗaure. Kel Geres da muke zaune da su a yankin Madawa su ma daga Abzin suka gangaro a ƙarni na 18. Farfesa Djibo Hamani ya yi littafi guda a kan Adar kafin zuwan Turawa, wani kuma a kan sarautar Abzin, ɗalibanmu da ke jami'a su neme su. Saboda haka Ba'adare da ke tsaye ƙofar fadar nan ba baƙo ne sosai ba. Faɗa ma jagora daga inda ka fito, za ka ga hirar ta canza.

Ka tambaye shi kuma game da sarautar da ake kira Sarkin Turawa. Turawa a bakin mutanen da Larabawan fatauci ake nufi, kuma mai wannan muƙami shi ke kula da ayari da harajinsa. Garin da ayari ya rayu: gero da tufafi daga ƙasar Hausa, gishiri da dabino daga Bilma da Fashi. Kantun gishirin da dattawanmu suka saba saye a kasuwa don dabbobi, ta wannan hanya raƙuma ke kawo shi.

Daura da masallaci akwai Otal ɗin Air. Ba kwana muka ce ku yi ba, ginin ne abin dubawa, don shi ne gidan da ake danganta wa Kawusan. A watan Disamba na 1916 Kawusan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya kewaye barikin sojan Faransa, bai saki ba sai farkon Maris na 1917 da wata runduna ta iso daga Damagaram. Abin da ya biyo baya mai ɗaci ne: sojan mulkin mallaka sun kashe mutanen gari da yawa, har da malamai. Kawusan ya mutu a kudancin Libiya a 1919, Tagama kuma a kurkukun Damagaram a 1920. Babban ɗakin cikin gidan, da bakan gizonsa na ƙasa, ya isa magini ya zauna ya yi nazari.

Daga nan sai a kutsa lungu. Nan ne amfanin jagora yake fitowa, don mutum shi kaɗai zai yi ta zagaye wuri guda. Za a kai ku gidan da Bature Heinrich Barth ya sauka a watan Oktoba na 1850. Bajamushe ne da gwamnatin Ingila ta aiko, yana kiran kansa Abdulkarim, yana jin Hausa. Ya yi wajen mako uku, ya tarar da gari ya ja baya, gidaje da yawa kangaye, ya ƙiyasta mutanen da ke ciki ba su fi 7,000 ba. Ɗakin ƙarami ne, ba wani abin mamaki, minti biyar ya isa.

Wanda ya cancanci a daɗe shi ne Gidan Mai Burodi, gidan Sidi Ka, ginin 1917. Daga waje ba za ka ce komai ba. Sai ka hau bene ka ga bango da rufi duk zane ne da aka tayar da ƙasa da hannu, ga gurabe-gurabe na jera kwanoni da tasoshi irin na ɗakin amarya. Har wani Bature ɗan Italiya, Bertolucci, ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa a ciki, wanda ya fito a 1990. Mu abin da ya tsaya mana a rai daban ne: wannan ƙasa ce irin wadda muke kwaɓawa a gida, hannu ne kawai ya bambanta. Kuma hannun bai ƙare a jiharmu ba. Masallacin Yama, nan cikin jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Sai dai a lungunan nan za ku ga abin da ba a sa wa a hoton kalanda. Bango ya tsage, soro ya rufta, gida an kulle shi magada sun watse. Ginin ƙasa yana son mai shi kusa: a duba indararo kafin damina, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufi, azara ta ruɓe, shi ke nan. Wasu kuma suna shafe bangon ƙasa da siminti suna ganin sun huta. Siminti ba ya barin bango ya sha iska, damshi na taruwa a ciki yana cin ginin a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓalle da rabin bango. Ruwan sama ma ya canza hali, yakan zubo da yawa cikin ɗan lokaci. Agadas ta ga ambaliya mai tsanani a farkon Satumba na 2009, kuma a farkon Satumba na 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Wanda ya ce sai wani zuwan zai leƙa gidajen nan, ba lalle ya tarar da su duka ba. Ƴan'uwa na waje da ke aiko kuɗin gyaran gidan gado a ƙauye, wannan magana ta siminti ku ma ta shafe ku, ku yi shawara da tsofaffin magina kafin a sayi buhu.

Yawon yakan ƙare wajen maƙeran farin ƙarfe. Ku zauna ku ga yadda ake yin kurus ɗin Agadas: a siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkar azurfa a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun a hau gyara da zane. Kowane yanki da nasa samfuri, akwai na Tawa, akwai na Madawa. In za ka saya ma uwargida tsaraba, tambayi na gida. A nan kusa masu dukanci ke ɗinka takalma, jakunkuna da sirdin raƙumi.

Wanda tafiyarsa ta dace da farkon watan Muharram zai tarar da bikin Bianu, inda gari ke rabuwa gabas da yamma, ana kiɗa ana rawa da manyan rawuna har ranar Ashura. Lokacin lungunan cike suke, yawon awa biyu zai iya zama na wuni.

Daga Tawa zuwa Agadas kimanin kilomita 400 ne ta Abalak. A riƙe takardun shaida a jiki, a ɗauki ruwan sha, a sa takalmin da ke da sauƙin cirewa saboda masallaci da gidajen mutane. Ranar Juma'a a gama kafin a fara taruwar salla. Ɗanmu da ya zo hutu da fasfo na wata ƙasa ya fara tambayar hukuma ƙa'idar tafiya arewa kafin ya yanki tikiti. Dattawan Keita, Buza da Madawa da suka gaji labarin zuwan Agabba ko na ayarin gishiri daga bakin kakanni, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, ku zo ko ku aiko da saƙon murya, muna so mu naɗa mu sa wa jama'a su ji.