Oksijin Na Tafi-Da-Gidanka: Sa'o'i 15 Da Kuɗin Wuta

Ga mai daɗaɗɗen ciwon huhu wanda oksijin ya yi ƙaranci ƙwarai a jininsa, iskar magani ce mai ƙa'ida. Gwajin da aka wallafa a Birtaniya a 1981 ya nuna cewa shaƙarta aƙalla sa'o'i 15 kullum yana tsawaita rai.

Cika sa'o'in ne wuya. Ɗan kasuwa ba zai wuni a ɗaki ba alhali shago yana jiransa. Ƙaramar na'ura mai batir, wadda ake ratayawa a kafaɗa, ta rage wannan matsala. Sai dai batirin sa'o'i kaɗan yake yi, kuma galibin irinta ba sa sakin iska sai an ja numfashi, saboda haka da dare babbar na'urar gida ake komawa.

Ita kuwa wuta take ci. Mai ƙarfin wat 350, a sa'o'i 10 kullum, tana shan yunit 105 a wata. A farashin Naira 225 da aka sanya wa rukunin Band A a Afrilun 2024, kuɗin ya haura Naira 23,000, wato sulusin mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a shekarar. Ba a ma lissafa man janareto ba.