Ƙungiyoyin agaji: ina mai kuka zai kai kukansa?

Duk wanda ke cin kasuwannin kan iyaka, tun daga Gaya zuwa Birnin Ƙonni, daga Ɗan Isa zuwa Magarya, ya saba ganin fararen motocin ƙungiyoyin agaji suna ratsa gari suna nufar ƙauyuka. Tun bayan yunwar 2005 waɗannan ƙungiyoyi suka yawaita a ƙasar nan, kuma aikinsu ya shiga cikin ciniki sosai. Su ne ke sayen gero da wake da mai a hannun manyan ƴan kasuwa, su ne ke ɗaukar hayar motoci da ɗakunan ajiya, su ne kuma ke raba kuɗi ko takardun bon da jama'a ke kawowa rumfuna su karɓi kaya. To amma idan aka tauye wa mutum mudu ranar rabo, ko aka goge sunansa, ko aka riƙe wa ɗan kasuwa kuɗin kayansa, ina zai kai kukansa?

Mu da ke aiki a gidajen rediyon karkara mun san wannan tambaya, domin kuwa da yawa daga cikin koke-koken nan wurinmu suke faɗowa, ta salula ko a bakin ƙofa. Abin da muka lura shi ne, mafi yawan masu kukan ba su taɓa tunkarar ƙungiyar da abin ya shafa ba. Wasu na ganin kyauta ce, ba a ƙorafi a kan kyauta. Wasu kuma na tsoron kada a ce sun cika baki a cire su daga rabo na gaba. Alhali kuwa kayan agaji ba daga aljihun ma'aikacin da ke rabo suka fito ba. Kuɗi ne na gwamnatoci da na talakawan wasu ƙasashe da aka damƙa wa ƙungiyar amana, kuma manyan ƙungiyoyi sun rubuta da hannunsu cewa sauraron koke wajibi ne a kansu.

Yadda aka yi aka kawo nan

Wannan doka ba haka kawai ta faɗo ba, abin kunya ne ya haife ta. A shekarar 2002 hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato HCR, tare da ƙungiyar Save the Children ta Ingila, suka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a sansanonin ƴan gudun hijira na Gini da Laberiya da Saliyo. Binciken ya ɗauko zargin cewa wasu ma'aikatan agaji na lalata da ƴan mata kafin su ba su abinci ko tanti, kayan da dama haƙƙinsu ne. An ambaci mutum 67 daga ƙungiyoyi fiye da 40. Yaran da iyayensu sun daɗe da sanin abin da ke faruwa, sai dai babu ƙofar da za su ƙwanƙwasa, tunda wanda za a kai wa ƙara shi ne ke riƙe da takardar rabo.

A watan Oktoba na 2003 Sakatare Janar na lokacin, Kofi Annan, ya fitar da umarni da ya haramta wa ma'aikatan Majalisar musanya kuɗi ko aiki ko kayan agaji da lalata, ya kuma wajabta wa duk ma'aikacin da ya ga alamar haka daga abokin aikinsa ya kai rahoto. A wannan shekara ce kuma aka kafa wata ƙungiya mai suna HAP a birnin Janiba, wadda aikinta a wancan lokaci shi ne matsa wa ƙungiyoyin agaji su riƙa ba da bahasi ga mutanen da suke taimakawa, ba ga masu ba su kuɗi kaɗai ba. Daga bisani, a watan Disamba na 2014, aka ƙaddamar da wani kundin ƙa'idoji da ake kira CHS a birnin Kopanhagan. Kundin na ɗauke da alkawura tara, kuma na biyar daga ciki ya tsaya ne a kan koke: mutane su samu hanyar kai ƙara ba tare da tsoro ba, kuma a duba ƙarar tasu. An sabunta kundin a 2024, wannan alkawari yana nan daram.

Rubuta doka daban, aiki da ita daban. A watan Fabrairu na 2018 jaridar The Times ta Landan ta fallasa cewa tun a 2011 ƙungiyar Oxfam ta Ingila ta binciki wasu ma'aikatanta a ƙasar Haiti kan neman mata masu zaman kansu a lokacin aikin agajin girgizar ƙasa, ta kori wasu, ta bar wasu suka yi murabus, amma ba ta bayyana wa duniya cikakken abin da ya faru ba. Da asiri ya tonu, dubban mutanen da ke ba ta gudummawa suka janye hannu, mataimakiyar shugabanta ta ajiye aiki, gwamnatin Haiti kuma ta hana ta aiki a ƙasar.

Sai kuma abin da ya faru a gabashin Kwango lokacin annobar Ebola ta 2018 zuwa 2020, inda mata da dama suka ce an nemi lalata da su kafin a ɗauke su aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta kafa kwamitin bincike mai zaman kansa, kuma ɗaya daga cikin shugabanninsa biyu ƴar ƙasarmu ce, Malama Aishatu Mindawdu, tsohuwar ministar harkokin waje. A watan Satumba na 2021 kwamitin ya gano mutum 83 da ake zargi, 21 daga cikinsu ma'aikatan OMS ne, har shugaban hukumar ya fito ya nemi gafara. A nan ma sai da ƴan jarida suka fara tono maganar a 2020 kafin hukuma ta motsa.

Hanyar da koke ke bi

A ƙa'ida, ƙungiyar da ta san aikinta tana buɗe ƙofofi fiye da ɗaya. Akwai kwamitin koke na gari da jama'a ke zaɓa, akwai teburin sauraro da ake ajiyewa a gefe ranar rabo, akwai akwati mai makulli, sannan wasu na da lambar waya ta kyauta wadda akan rubuta a bayan katin rabo ko a jikin allon sanarwa. Ta kowace ƙofa koke ya shigo, ana rubuta shi a rijista, da ranar da aka karɓa, sannan a ware shi gida-gida.

Kashi na farko tambaya ce kawai, kamar yaushe za a yi rabo, ko me ya sa aka zaɓi wancan gari aka bar wannan. Wannan ana iya amsawa nan take. Kashi na biyu shi ne kuka a kan aikin kansa: suna ya ɓace, buhu bai cika ba, kuɗi ba su shigo a salula ba, rijiyar da aka gina ta lalace. Wannan sai an koma ga takardu, wani lokaci a tura mutum ya gani da ido. Kashi na uku shi ne mai nauyi, wato sata da cin hanci da lalata da cin zarafin yara. Irin wannan ba a tattauna shi a dandali, kuma bai kamata ya biya ta hannun wanda ake zargi ba. Ana miƙa shi ne kai tsaye ga shugaban ƙungiyar na ƙasa ko ga masu bincike na babban ofishi, a kuma ɓoye sunan mai ƙara.

Wa'adin ba da amsa ya bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, saboda haka mai koke ya tambaya tun ranar farko: kwana nawa zan jira, kuma wa zai kawo mini amsa? Idan amsar ba ta gamsar da shi ba, akwai gaba. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su PAM da HCR suna da ofishin babban sufeto mai karɓar ƙara a kan ma'aikatansu da ƙungiyoyin da ke yi musu aiki. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba kuɗi su ma ana gindaya musu sharaɗin buɗe hanyar koke. Ban da haka, ƙofar magajin gari da ta hukumomin jiha a buɗe take, laifin da ya shafi sata ko fyaɗe kuwa na jandarma ne da kotu, ko da ƙungiya ta ce tana nata binciken.

Inda gizo ke saƙa

Abin da muke gani a ƙauyuka shi ne, sau da yawa akwai ƙofar amma an girke ta inda ba mai iya shiga. Akwatin koke ba shi da amfani ga wanda bai yi karatun boko ba, balle idan an kafa shi a ƙofar gidan mai gari, inda kowa zai ga wanda ya jefa takarda. Lambar waya ba ta wadatar da matar da salular gidan ke aljihun mijinta, ko kuma idan ta kira aka amsa mata da Faransanci. Mafi muni shi ne a ce mutanen da suka rubuta sunayen masu cin gajiya su ne kuma ƴan kwamitin koke. Kura ce aka ba ajiyar nama.

Akwai kuma kunya. Matar da aka yi wa maganar banza ba za ta faɗa wa namiji baƙo ba, sai dai mace ƴar'uwarta, a keɓe. Don haka kwamitin da babu mata a ciki rabin gari kawai yake ji. Sannan babban abin da ke kashe gwiwar jama'a shi ne shiru. Idan mutum goma suka kai kuka ba wanda aka dawo wa da amsa, na sha ɗaya ba zai ɓata lokacinsa ba. Rijistar da ba komai a ciki ba shaida ba ce cewa lafiya lau, sau tari alama ce cewa mutane sun fid da rai.

Lamarin ya ƙara tsanani tun daga 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan agajinta na ƙetare ta kuma rufe hukumar USAID. Idan tuwo ya ragu masu ci ba su ragu ba, dole a rage sunaye, kuma a irin wannan lokaci ne son kai ke samun wurin shiga. Ƙungiyar da za ta cire mutum daga rabo, ya kamata ta faɗa masa dalili a bainar jama'a tun kafin ranar rabo.

Rabon ɗan kasuwa a cikin maganar

Ɗan kasuwar da ke kai wa ƙungiya kaya shi ma yana da haƙƙin koke, amma makaminsa takarda ce. Kada a loda mota bisa maganar baki ko kiran waya. A karɓi takardar odar kaya mai sa hannu da hatimi, wadda ta faɗi yawa da farashi da ranar biya. Idan an sauke kaya, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu a takardar shaida, a riƙe kwafi, a kuma ajiye kwafin rasit. Idan biya ya yi jinkiri, a rubuta wa sashen kuɗi wasiƙa mai kwanan wata, a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafinta. Wanda ya je da waɗannan takardu ba roƙo ya je yi ba.

Idan wani ma'aikaci ya nemi a ba shi kaso kafin ya ba da kwangila ko ya saki kuɗi, wannan na cikin kashi na uku. Ba wurinsa za a koma ba, sai a nemi layin kai rahoton zamba na ƙungiyar ko shugabanta. Wanda ya biya sau ɗaya ya sani cewa ya zama abokin laifi, ranar da bincike ya zo sunansa na iya shiga jerin waɗanda ba za a sake ba kwangila ba.

Sai dai kuma igiyar na da baki biyu. Ɗan kasuwar da aka amince masa ya karɓi takardun bon, idan ya ƙara farashi ga mai bon, ko ya ba shi tsohon wake mai ƙwari, ko ya sayi bon ɗin da rabin kuɗinsa, shi ma ana iya kai ƙararsa ta wannan ƙofa. Haka nan sayen kayan agaji da aka rubuta ba na sayarwa ba ne a jikinsu. Ɗan ƙunshin Plumpy'Nut da ake gani a kan tebura magani ne na yaro mai tamowa, duk wanda aka sayar an zare shi ne daga bakin wani yaro. Kuma abin na iya shafar gari baki ɗaya. A watan Yuni na 2023 Amurka da PAM sun dakatar da rabon abinci a ƙasar Habasha bayan an gano ana karkatar da shi zuwa kasuwanni, miliyoyin mutane suka yi watanni babu rabo saboda laifin da ba su suka aikata ba.

Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa, duk lokacin da wata ƙungiyar agaji ta shigo yankinsu, su tambaye ta abu huɗu a gaban jama'a: ina ake kai koke, wa ke karɓa, kwana nawa ake ba da amsa, kuma ina za a nufa idan wanda ake ƙara shi ne mai karɓar koken. A rubuta amsar a liƙa a ofishin kasuwa, a kuma kawo gidan rediyo mafi kusa a karanta da Hausa da sauran harsunan yankin. Wanda zai kai kuka ya riƙe rana da wuri da abin da ya gani da idonsa, ya guji ƙazafi, domin ƙarar ƙarya na toshe hanya ga mai gaskiya da zai zo bayansa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.