Manhajar Ajiya Tana Kai Rahoto, Wa Ke Karantawa?

Tun farkon shekarun 2000, lokacin da gwamnatin Saminu Turaki ta buɗe cibiyar koyar da kwamfuta da aka fi sani da Informatics, Kazaure take yaye matasa masana na'ura. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu tana nata ƙoƙarin. Irin waɗannan matasa ne ake damƙa wa kwamfutocin ofisoshi da makarantu da asibitoci, daga cikin gari har Roni da Gwiwa da Babura. Tambayi ɗaya daga cikinsu ko yana ajiye kwafin bayanan ofis, zai ce ƙwarai kuwa, kowane dare manhaja tana yi da kanta. To, sake tambayarsa yaushe rabonsa da buɗe rajistar manhajar. Nan za ka ji an fara kame-kame.

Kowace babbar manhajar ajiya, irin su Veeam da NetBackup da Bacula, tana rubuta abin da ta yi layi-layi: ƙarfe nawa ta fara, fayil nawa ta kwashe, wanne ta tsallake, ina ta cije. Wannan rubutu shi ne rajistar, kamar dai littafin da maigadi ke cikawa a bakin ƙofa. Amfaninsa yana ga yadda aka saita shi da kuma wanda ke dubawa da safe.

Abin da ake fara saitawa shi ne yawan maganarta. Akwai matakin da ba ta rubuta komai sai kuskure, akwai wanda take haɗawa da gargaɗi, akwai na bayanin yau da kullum, sannan na ƙarshe wanda take zayyana kowane motsi. A tsofaffin rajistocin NetBackup matakan suna tashi daga 0 zuwa 5. Sabon hannu yakan ɗaga shi zuwa ƙololuwa, wai don kada komai ya wuce shi. Kuskure ne. Matakin ƙarshe na ranar farautar matsala ne, a kunna, a kama ta, a mayar. Idan aka bar shi, rajista za ta cinye faifai, faifan da ya cika kuwa yana iya tsayar da ajiyar kanta. Gargaɗi kuma ba abin rainawa ba ne. A NetBackup lamba 0 na nufin aiki ya kammala, lamba 1 na nufin ya kammala amma da saura, kuma ba mamaki fayil ɗin da ya rage shi ne na albashi, don akawu ya tafi gida ya bar shi a buɗe.

Sai dai babban haɗarin ba a nan yake ba, yana ga shiru. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanan babbar sabarsu bisa kuskure, kusan gigabayit 300. Da aka garzaya wurin ajiya sai aka tarar wayam. Ashe manhajar da ke kwafar bayanan tsohon zubi ce, 9.2, alhali rumbun bayanan ya koma 9.6, don haka duk lokacin da ta tashi aiki sai ta faɗi. Kuma ba ta ɓoye ba, tana aika imel ɗin ƙorafi, amma sabar da ke karɓar wasiƙu tana mayar da shi saboda ba ya ɗauke da shaidar da take nema. Ba wanda ya ga saƙo, kowa ya ɗauka lafiya lau. Wani kwafi da aka yi kimanin awa shida kafin ɓarnar ne ya cece su, aikin awanni shidan nan kuwa ya tafi.

Saboda haka ni ba na goyon bayan saitin da ke cewa a turo saƙo in an sami matsala kawai. A sa ta turo rahoto kullum, ko ta ci ko ta faɗi, ga mutum biyu aƙalla, domin ranar da saƙo bai zo ba a san akwai magana. A wajenmu wannan ya fi zama dole. Wutar KEDCO ta ɗauke da tsakar dare, batirin inbata ya ƙare, ko data ta yanke: manhajar da ba ta ma tashi ba, ina za ta sami bakin kai ƙara?

Rashin wuta yana da wata illar da ba a cika lura da ita ba. Idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma baya da shekaru. Rajistar da ke cewa an yi ajiya a shekarar da ba a ma sayi na'urar ba, ba ta da amfani ga mai bincike. A haɗa agogon duk na'urorin da sabar lokaci guda.

Sannan kada rajista ta kwana wuri ɗaya da abin da take gadi. A tura kwafinta wata na'urar ta hanyar tsarin tura rajista da ake kira syslog. Masu kutsen da ke kulle bayanai su nemi kuɗin fansa sukan fara da lalata ajiya da share sawunsu.

Share tsohuwar rajista ma aiki ne mai son natsuwa. A Disambar 2021 Jami'ar Kyoto da ke Japan ta yi asarar kusan terabayit 77, fayil wajen miliyan 34. Umarnin da aka rubuta don goge rajistar da ta haura kwana 10 ne aka sabunta yana tsaka da aiki, sai ya afka wa bayanan masu bincike. Kamfanin HPE, wanda ya sabunta umarnin, ya ɗauki laifin. Gara a bar wa manhajar kanta wannan shara, a gaya mata kwana nawa za ta riƙe da girman da ba za ta wuce ba, kada wani ya zauna yana gogewa da hannu.

A kuma tuna rajista tana ɗauke da sunayen fayiloli da na ma'aikata, wani lokaci har sunan majiyyaci ko ɗalibi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, don haka ba kowa ake bai wa damar leƙawa ba.

Ranka ya daɗe shugaban ofis, ba sai ka iya kwamfuta ba. Ranar Litinin ka kira mai kula da na'urorinka, ka ce ya buɗe maka rahoton daren jiya, sannan ka zaɓi fayil ɗaya na watan da ya wuce ya dawo maka da shi daga ajiya kana kallo. Gani ya kori ji. In ya kasa, a gyara saitin a makon nan.