Sayar da Kayan Aikin Hannu ta Hanyar Intanet

Tun zamanin da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi, cikin ƙarni na 15, mai ɗinkin hula da baduku da marini sun dogara ne ga dillalai da fatake wajen kai aikinsu ga mai saye na nesa. Wayar hannu ta soma bazuwa a ƙasar nan cikin 2001, sa'an nan intanet ta biyo ta har cikin aljihun talaka. A yau mai ɗinkin hula a Maiduguri ko Zariya yana iya nuna aikinsa ga mutumin da ke Sabo ta Ibadan, ko Agege ta Ikko, ko Zangon Kumasi, ba tare da ya bar zaurensa ba.

Wanda ya fi cin moriyar wannan shi ne mai yin kaya bisa ga bukatar mutum guda, watau kayan oda: hula mai zanen da mai ita ya zaɓa, takalmin fata da aka yanka daidai ƙafarsa, ko jakar da aka rubuta sunan amarya a jikinta. A gari ɗaya masu neman irin waɗannan ba su taka kara sun karya ba, amma in aka haɗa na Nijeriya duka sai su zama kasuwa. Saboda haka ba dabara ba ce mai sana'a ya cika shafinsa da tarkace, yau hula, gobe atamfa, jibi man shafawa. Wanda aka sani da abu guda, a ce Zanna Bukar ko Damanga, shi ne sunansa ke zuwa baki ran da wani ya tambayi abokinsa inda ya sami tasa.

A Facebook da Instagram da WhatsApp hoto ne ɗan talla. Ya kamata a ɗauke shi da hasken rana, gama fitilar lantarki takan juya launi, shuɗi ya fito kamar baƙi. Lalle ne kuma hoton ya zama na aikin mutum da kansa. Ɗauko na wani ha'inci ne, kuma asiri yakan tonu ran da kaya suka isa. Gajeren bidiyo na allura tana shiga tana fita ya fi dogon surutu, domin shi ke raba ɗinkin hannu da na inji, ya kuma nuna wa mai saye dalilin tsadar.

To, amma inda gizo ke saƙar shi ne, a wannan ciniki ido ba ya ganin ido, kuma kowane ɓangare yana da abin da zai yi asara. Mai saye yana tura kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba. Mai sana'a kuwa yana yin abin da da wuya ya sami mai saye na biyu. Hular da aka ɗinka a kan inci 23, da launin da wani ya zaɓa domin ta dace da rigarsa, in ya fasa, aikin makonni ya tafi ke nan. Maganin wannan shi ne a rubuta kome kafin a zura zare. A sa mai oda ya zagaya kansa da tef, bisa kunnuwa kaɗan, ya aiko da lambar a rubuce, gama rabin inci ya isa ya ɓata hula. A rubuta launi, da farashi, da ranar gamawa, da wanda zai biya kuɗin aikawa, da abin da za a yi in awo bai yi daidai ba. Jama'a da yawa sun fi son saƙon murya, ba laifi, amma a maimaita lambobin da rubutu. Bayan an daidaita sai a karɓi kafin alƙalami wanda zai ishi sayen yadi da zare, sauran kuma a biya sa'ad da aka nuna hoton aikin a gamme.

Wajen yanke farashi, kwanakin da aikin ya ci su ne aka fi mantawa. Da yawa daga cikin hulunan nan mata ne ke ɗinka su a cikin gidaje, kuma idan aka karya farashi don gasa da kayan inji, guminsu ne ke fara zubewa. Haka nan gab da Salla oda takan yi yawa har ta fi ƙarfin hannu. Mai hankali yakan ƙidaya abin da zai iya gamawa tun kafin azumi ya kama, ya rufe karɓa a nan. Hular Salla da ta isa bayan an sauko daga Idi ta kori mai ita da abokansa gaba ɗaya.

Game da biya, kada a saki kaya don an ga saƙon shigar kuɗi kawai, domin macuta sukan ƙirƙiro na jabu. Sai an duba asusu an tabbata. Wanda ke ciniki da wani suna dabam da nasa na yanka, wajibi ne ya yi rajistarsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, wadda aka kafa cikin 1990. Da takardar rajista banki zai buɗe masa asusu da sunan sana'ar, mai saye kuwa hankalinsa ya fi kwanciya in sunan shafi da na asusu suka zo ɗaya. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye ikon mayar da kayan da suka saɓa wa abin da aka siffanta masa. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa cikin 2003, ita ke kula da ci gaban ƙananan masana'antu, mai nufin fitar da kaya ƙasashen waje kuma sai ya tuntuɓi Hukumar NEPC.

Saura aikawa. Ko ta gidan waya ne ko ta tashar mota, a sa hula cikin kwali mai ƙarfi don kada kaya su danne ta. A ɗauki hoton ƙunshin, a karɓi takardar shaida, a tura wa mai kaya lambar direba da ta mota tun kafin ta bar tasha.