Ma'aikacin Kwantiragi da 'Yancin Shiga Ƙungiya

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa damar kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga wadda ya ga dama. Tun 1960 kuma ƙasar ta amince da yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 87 da ta 98, masu kare haƙƙin ma'aikata su haɗa kai, su zauna da mai kamfani a yi cinikin albashi da sharuɗɗan aiki. A takarda komai ya yi. Amma leburan da ake sallama da kuɗin yini a masana'anta ya san cewa ranar da ya ambaci ƙungiya, ranar zai bar aiki.

Dalilin haɗa kan ba ɓoyayye ba ne. Mutum ɗaya in ya nemi ƙari, sai a nuna masa masu jiran aiki a bakin ƙofa. In kuwa duk ma'aikatan suka yi magana da murya guda, dole a saurara, don ba a korar masana'anta sukutum.

Matsalar ita ce manyan dokokinmu na ƙwadago sun samo asali ne tun zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin da aka saba da ɗaukar mutum aiki na dindindin. Yau bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa sun koma ɗaukar ma'aikata ta hannun 'yan kwangila. Yarinyar da ke ƙirga maka kuɗi a kanta tana sanye da tambarin banki, amma a takarda ma'aikaciyar wani kamfani ce daban. To, da wa za ta yi ciniki? Bankin zai ce ba shi ya ɗauke ta ba, ɗan kwangila ya ce abin da aka ba shi yake biya.

Akwai wasu shingayen. Sai da mutum 50 ake yi wa ƙungiya rajista, kuma magatakarda na iya ƙi in ya ga akwai wata a fannin. Dokar yankunan masana'antu na musamman ta 1992 ta hana yajin aiki na shekara 10 daga fara aiki a yankin. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005, zamanin Obasanjo, ya mai da shiga ƙungiya ganin dama, ya buɗe wa wata uwar ƙungiyoyin ƙwadago, TUC, ƙofa a gefen takwararta NLC, amma ya haramta yaji a ayyukan da ake kira na dole, jerin da ya yi faɗin da har bankuna da tashoshin jiragen ruwa sun shiga. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba.

A ganina gyaran da ya fi gaggawa shi ne doka ta ɗora wa kamfanin da ke cin gumin ma'aikaci alhakinsa, ko ta hannun wa ya shigo. Sai kuma hukunci mai zafi ga wanda ya kori mutum don ya shiga ƙungiya, tare da mayar da shi bakin aikinsa cikin gaggawa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta sami ƙarfi sosai da gyaran tsarin mulki na 2010, sai dai wanda aka kora jiya ba shi da kuɗin lauya, ga kuɗin haya na jiransa.